Ba Sunkuyo Ya Kashe Gwaggo Ba

An yi wa Gwaggo ƙarya a gabana kwana bakwai a jere, kuma har yanzu ban huce ba.

Ba maƙiya sunka yi ta ba. Masoyanta ne, waɗanda sunka taso daga Wurno da Rara da Maikujera sunka cika tsakar gidanta a Rimawa har ba wurin aje takalmi. Kowace ta shigo sai ta yi gaisuwa, ta share hawaye, ta gyara zama, sannan ta saki maganar: "Allah sarki, baiwar Allah. Mutum da ciwon baya shekara da shekaru, amma ba ta zamna wuri guda ba. Ai baya ba icce ba na." Wata tsohuwa daga Wurno, wadda ban taɓa gani a gidan ba Gwaggo na da rai, ta ce ita tun bara ta san sunkuyon nan shi zai kai ta. Sauran sunka ce, "Ƙwarai kuwa."

Zazzaɓi Gwaggo ta yi na kwana huɗu, ga tsufa, wa'adi ya cika. Allah shi jiƙanta, shi sa ta huta. Ranar da zazzaɓin ya kama ta ma, ita ta share gidan da safe tana yi wa kaji faɗa.

Da a kanta kaɗai maganar ta tsaya, da na haɗiye, don ta wuce inda surutunmu ke kaiwa. Amma a ɗakin da ke kallon turmi akwai Auta, 'yarta ta ƙarshe, wata uku ke nan da ciwon baya, ƙofa a buɗe, tana jin kowace kalma. An kai ta asibiti a Goronyo an duba, an ce babu abin da ya karye ko ya goce, ta tashi ta riƙa motsawa a hankali. Mijinta ya kawo ta jinya wurin uwa, Gwaggo ta lallaɓa ta har ta kai ga zama a bakin ƙofa tana tsintar wake. Daga ranar rasuwa ta koma tabarma. Yaya kuwa, babban ɗan Gwaggo, wanda gidan ya dawo hannunsa, ya kafa doka: kada wanda ya bar Auta ta ɗaga ko ludayi. Ya rasa uwa, in ji shi, ba zai ƙara da ƙanwa ba.

Auta mace ce mai shekara arba'in da 'yan kai, da 'ya'ya biyar suna jiranta a gidan miji. In an bar ta a tabarmar nan na san inda abin ke zuwa, don Gwaggo ta je can, ta dawo ta ba ni labari.

Gwaggo ƙanwar babana ce, don haka ni da 'ya'yanta taubasai ne, muna zagin juna tun muna yawo ba zane. Lokacin da ruwan dam ɗin Goronyo ya fara isa fadama noman rani ya buɗe, ita ta kama sana'ar turara shinkafa, in kakar albasa ta zo kuma ta sayi lawashi, wato ganyen albasa, ta daka ta dunƙula ta shanya ya zama gabu na miya. Wata safiya ta sunkuya za ta sauke tukunyar shinkafa, baya ya riƙe. Gidan malamai ne, mutane masu tausayi. Anka kwantar da ita, anka yi rubutu, anka yi gashi da ruwan zafi, kowa ya shigo sai ya ce, "Kwanta, kwanta, kada ki ƙara mai." Ta kwanta damina biyu. Sallah ta koma a zaune, daga baya a kishingiɗe. Ƙafafunta sunka zama kamar karan dawa.

"Tun ina tsoron sunkuyawa," in ji ta, "hat nik koma tsoron atishawa."

Akuya ta tashe ta. Akuyar maƙwabta, ja, mai yankakken kunne. Ranar duk gidan an tafi suna, an bar shinkafa a shanye a tsakar gida, akuyar ta shigo ta sa baki. Gwaggo ta daka mata tsawa daga kwance. Akuya ta ɗago, ta dube ta sama da ƙasa, ta ci gaba da ci. Labarin nan na ji shi ya fi a ƙirga, kuma kullum a nan take tsayawa ta kama haɓa.

"Ke, ban san sa'ad da anka yi ba. Sai nig ganni cikin zaure, muciya ga hannu, akuya ta yi waje. Sannan nit tuna ni marar lahiya ta. Nit tsaya ina jiran bayan shi karye. Nij jira, nij jira. Ɗiyata, hay yau bai karye ba."

Ciwon bai tafi ba, kada wani ya ce na ce ya tafi. Da shi ta tsufa. Da safe sai ta dafa bango kafin ta miƙe, tana tafiya hannu ɗaya a ƙugu kamar mai shirin rigima. In an tambaye ta ya baya, sai ta ce, "Shina nan, ya karya kumallo." Kuma ba kowane ciwo take kora da tsawa ba. In mace ta ce ƙafarta ta mutu, ko fitsari na ƙwace mata, sai Gwaggo ta ɗaure fuska ta ce, "Wanga ba na akuya ba na. A nemo mota."

Ni sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ranar da na karanta wa Gwaggo rubutun da ke jikin buhun taki, ta raɗa mini Malama, kuma ba da girmamawa take faɗinsa ba. To, a dalilin karatun nan ne wata likitar gashin ƙashi da ta zo daga Sakkwato ta neme ni. Yarinya ce siririya mai tabarau, mai ladabi ƙwarai. Ta zo da takarda mai tambayoyi da anka fassaro daga Turanci, wadda ake auna yawan tsoron motsi da mai ciwon baya ke da shi. Ta ce wani ciwo ne ke kwantar da shi, wani kuwa tsoron ciwon ne, kuma ba hanya ɗaya ake bi da su ba. Amma kafin a fara aiki da takardar a asibiti sai an gwada ta a kan mutanenmu, a ga ko gaskiya take faɗi. Aikina in shiga da ita gidaje, in karanta wa matan da ba su karatu.

Yadda takardar take, magana ce ake karanta miki, ke kuma ki zaɓa: na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba, ko ban yarda ba sam.

Kwana uku muna yawo. A kowane gida a shimfiɗa wa Likita tabarma mai kyau, a dama fura, in karanta. "Idan na motsa, ciwona zai ƙaru." Na yarda. "Idan na motsa, ciwona zai ragu." Na yarda. Wadda ke kwance ta yarda da duka. Wadda munka tarar tana faskare ta yarda da duka. Likita na ta cire tabarau tana gogewa tana mayarwa. Na ce mata ta kwantar da hankali, zan kai ta wurin wadda ba ta taɓa yarda da kowa ba tun da anka haife ta.

Munka tarar da Gwaggo ta mirgino turmi daga inuwa zuwa rana ita kaɗai. Ta yi wa Likita maraba kamar ta ga jikarta, ta zauna, ta naɗe hannu.

Na karanta, da muryar aji: "Abin da ya fi mini shi ne in guji duk wani motsi, don kada in ji wa bayana rauni."

"Na yarda," in ji Gwaggo.

Na ɗago na dube ta. Ta dube ni, ko ƙiftawa babu.

"Ko da ina jin ciwo, gara in riƙa aikina."

"Na yarda ƙwarai."

Haka har ƙarshen takarda. Da Likita ta fita wanke hannu na bi Gwaggo bakin murhu, raina a ɓace.

"Gwaggo, ƙarya kika yi ma takarda."

"Wa kika ce ma maƙaryaciya?"

"Ke da kika mirgino turmi yanzu, kin yarda a guji motsi?"

"Ke Malama, saurara. Ɗiyam mutane ta taso tun daga Sakkwato, ta shigo gidana, ta sha hurata, ta buɗe baki ta hwaɗi magana. In dubi tsabar idonta in ce ban yarda ba? Sam, wai! Wa yah haihe ni?"

"Ai ba maganarta ba ce, ta takarda ce."

"Ga hannun wa takardat take? Kin koyo karatun buhu, kin mance na mutane."

Wannan ta shige ni. Na ɗauki mayafina na fita ko sallama ban yi ba, kwana biyu ban taka gidan ba. Ina gaya wa kaina tsohuwa ce mai taurin kai. Amma in na kwanta rana sai in tuna yadda ni kaina, in baƙon maigida ya ce miyata ta yi daɗi alhali gishiri ya yi yawa, ba na musa masa, shi ma ya san ba gaskiya ya faɗa ba, kowa ya tashi da mutuncinsa.

Rana ta uku sai ga ta a gidana, a ƙafa, daga wancan ƙarshen gari. Ba ta ce ta yi kuskure ba, ni ma ban ce ba. Ta nemi ruwa ta sha ta ce, "Kira min likitakki."

Da Likita ta zo, Gwaggo ta ce mata: "Ɗiyata, macen kirki ba ta musu da baƙo. Amma ban taɓa ganin wadda ba ta son raba gardamam maƙwabta ba. Bar cewa ke kic ce. Ce mata biyu sunka haɗu bakin rijiya, dut da ciwon baya. Guda tac ce in ta yi daka bayanta lalacewa za shi yi. Guda tac ce daka na ka warware mata shi. Sai ki ce, Inna, wace tag gaskiya? In ta zaɓa, ki ce, kina bayanta ɗan kaɗan ko da ƙarhi?"

Likita ta gyara tabarau. Sannan ta ce a gwada.

Munka shiga gidan maƙwabciyata, wadda kwanakin baya ta yarda da komai. Ban gama kawo mata biyun nan ba ta tafa hannu. "Ta hwarkon ga ita ad da hankali! Waccan so taka ta gurgunce. Ke, wace ta? 'Yag gidan wa?" Da ƙyar munka shawo kanta cewa ba kowa ba ce. Likita ta yi dariya har tabarau ya zame.

Gwaggo ba ta tsaya nan ba. Akwai wurin da takardar ke cewa motsa jiki, ta ce a cire, nan ba wanda ke motsa jiki don kawai ya motsa. A sa daka, a sa ruku'u, a sa goyon jika, a sa ɗauko ruwa. Ta ce kuma kada a tambayi mace uwar mijinta na zaune, don amsar uwar miji za a samu da bakin suruka. Likita na ta rubutawa. Daga ƙarshe ta ce ita ba ta da ikon canza takarda ita kaɗai, sai ta kai wa manyanta, in sun amince kuma duk aikin da munka yi ya tashi, sai a faro daga fari.

"To mi?" in ji Gwaggo. "Ciwon baya ba shi zuwa ko'ina. Kina iske mu."

Ta iske mu kuwa, bayan girbin gero, da sabuwar takarda mai mata biyu a bakin rijiya. Munka zagaya. Bayan mako guda munka sake zagayawa da tambayoyin nan dai, gida bayan gida. A nan Gwaggo ta hau.

"Ba ran Talata nib ba ku amsa ba? Kun ɗauka na ruɗe?"

Likita ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, ba ke muke gwadawa ba, takardar ce. In kika auna shinkafa yau mudu biyar, gobe kika sake auna ita dai ta zama huɗu, laifin shinkafa ne?"

"Mudun na ɓarawo."

"To shi muke son mu gani, ko mudunmu ɓarawo ne."

Gwaggo ta gyara ɗaurin kallabi, fuskarta ta washe. "Ashe takardar anka kawo gaban alƙali, ni shaida ta. Karanto, Malama."

Tun daga ranar ta ɗauki kanta ma'aikaciya. In mun fito daga gida sai ta tare mu ta ce, "Waccan tsoro ya cika ta, ko?" Likita ta ce ba a faɗin amsar wani. Gwaggo ta ce ba ta buƙatar a faɗa mata, ta ga yadda matar ke ɗaukar buta. Dama akwai gwaji na uku: a aje ƙwarya a ƙasa a ce mace ta ɗauko, a ga ko wadda takarda ta ce tana tsoro ita ce ke ɗari-ɗari. Likita ta ce mini a hanya, tana murmushi, burinta takardar ta kai idon Gwaggo.

Abu ɗaya ne ban taɓa ba kowa labari ba. A sabuwar takardar, duk inda anka kawo mata biyu Gwaggo na bayan mai ƙarfin hali, da ƙarfi. Sai munka zo kan ɗaga kaya mai nauyi daga ƙasa. Ta dubi wajen murhu.

"Ina bayan matsoraciyar," in ji ta.

Na tsaya da biro.

"Rubuta mana. Tun ranan nan ban sake sauke tukunyas shinkahwa da hannuna ba. Kullum sai in ƙirƙiro ma wata aiki kusa da murhu. Rubuta, kak ku tahi da mudun ɓarawo saboda ni."

Bayan mako guda amsar nan dai ta ba ni, ba ta ƙara ba ta rage ba.

Daga baya, da aikin ya ƙare, ta ci gaba da nata. Duk matar da ta ji an kwantar, sai ta je gaishe ta da faifan shinkafa, ta ce idonta ya mutu, a taimaka mata da tsintar tsakuwa. Idonta kuwa yana ganin ƙwarƙwata a kan mutum daga zaure. Yau a tsinta a kan tabarma, jibi a bakin ƙofa don haske, wani mako a gindin darbejiya don iska. Mata nawa sunka fito tsakar gida suna ganin su ne ke yi wa tsohuwa alheri. Wasu daga cikinsu na zaune a wurin makokin nan, suna gyaɗa kai ana cewa sunkuyo ya kashe ta. Ban ga laifinsu sosai ba. Baƙuwa daga Wurno ta yi magana.

Likita ta zo gaisuwa rana ta biyar, ta yi ƙiba yanzu, da goyo. Ta shiga ta duba Auta. Da na raka ta waje ta riƙe hannuna ta ce, "Bayanta ba abin da ya same shi sabo. Kada a bar ta a kwance."

Ranar bakwai, bayan la'asar, da baƙi sunka watse, na sami Yaya a zaure. Na ajiye wasan taubasai gefe, na durƙusa kamar ƙanwa, na faɗa masa abin da na rubuta a nan, har da akuya, har da maganar Likita, ban da sirrin tukunyar shinkafa. Ya saurara, idonsa ja don kuka. Mutumin kirki ne, tsoro ne ya kama shi.

Da na gama ya ce, "Na yarda, Taubashiya. Na yarda ƙwarai. Allah shi saka miki."

Ina fita na ji yana ce wa matarsa a kai wa Auta ruwan alwala har tabarma.

Washegari da hantsi na aika anka kawo mini dami biyu na lawashi daga fadama, na sa anka zube su a tsakar gidan Gwaggo, daidai ƙofar ɗakin Auta. A duk zuri'armu babu mai hannun gabu irin na Auta, har ya fi na uwarta, ni kuwa ban taɓa yin wanda kare zai shinshina ba. Na jawo turmi. Ban tsince busasshe ba, ban kakkaɓe ƙasa ba, na danna lawashi a ciki har ya yi tozo, na ɗebo ruwa a moɗa na kwarara, na hau bugu. Kore ya yi ta tsalle yana fantsama a bango.

"Ke!" Muryar ta fito daga ɗaki. "Wa ka zuba ma lawashi ruwa?"

"Kwanta, marar lahiya. Yaya ya hana ki magana mai nauyi."

"Ruɓewa za shi yi, jaka!"

Na ƙara ruwa.

Na ji motsin tabarma, na ji nishi, na ji salati. Ban waiwaya ba. Da na saci kallo, tana tsaye ta riƙe dokin ƙofa da hannu biyu, kallabi a karkace, tana huci. Ta saki hannu ɗaya. Ta yi taku uku, ta tsaya tana sauraron bayanta.

Sai ga Yaya daga zaure da carbi a hannu. Ya dube ta, ya dube ni, ya dubi bango.

"Taubashiya, mi na na haka?"

"Gabu nika yi."

"Ƙarya ta, Yaya, ɓarna taka yi," in ji Auta. "Miƙo min kujerag ga."

Ya sa carbi a aljihu. Sannan ya sunkuya ya ɗauki 'yar kujerar, ya kawo zai aje mata a bakin ƙofa.

"Ba nan ba," in ji Auta. "Kusa da turmi."